Gwama Ƙarfin Iska da Hasken Rana Wajen Samar da Wutar Lantarki a Ƙasashe Masu Tasowa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kwana a asibitin karkara yana jinyar ɗan'uwansa, aka ɗauke wuta ana tsakar karɓar haihuwa ko ɗinke rauni, ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a kan muhimmancin wutar lantarki. Haka nan mai injin niƙa, da mai walda, da ɗalibin da ke bitar karatunsa a gindin fitilar titi. An ƙiyasta cewa mutum kimanin miliyan 600 ne a Afirka kudu da Sahara ba su da lantarki a gidajensu, watau wajen rabin jama'ar yankin ke nan. Waɗanda ma aka ja wa waya, sau da yawa sukan wuni su kwana ba su ga ƙyallin wuta ba, ala tilas su koma ga janareta, wanda ke shan mai kamar yadda rairayi ke shan ruwa.

Alhali kuwa Allah ya hore wa yawancin waɗannan ƙasashe abu biyu da ba a sayen su a kasuwa, watau rana da iska. Kowanne daga cikinsu ana iya juya shi ya zama lantarki, kuma kuɗin yin hakan ya faɗi ƙwarai. Farashin farantan sola, alal misali, ya ragu da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020. Sai dai dukansu biyu suna da aibi guda: ba sa zuwa lokacin da aka kira su. Rana takan faɗi daidai sa'ad da jama'a suka fi bukatar haske, iska kuma takan kwanta ba tare da ta yi sallama da kowa ba. Wannan ne ya sa masana suka ga ya dace a gwama su a tasha ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A cikin wannan maƙala za mu duba yadda kowannensu ke aiki, da dalilin haɗa su, sa'an nan mu leƙa Indiya da Kenya mu ga abin da gwaji ya nuna, kana mu dawo gida. Abin da muke son mai karatu ya riƙe shi ne, amfanin haɗin ya rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: rana da iska su riƙa yin karɓa-karɓa a wurin da za a kafa tashar. Wannan kuwa ba a sanin sa sai an auna.

2.0 Yadda Rana da Iska ke Zama Lantarki

2.1 Hasken Rana

Farantin sola an yi shi ne da wani sinadari mai suna silikon, wanda ake tacewa daga yashi. Idan haske ya sauka a kansa, sai ya zaburar da wasu ƙananan ƙwayoyi da ke cikinsa su kama gudu ta fuska ɗaya, wannan gudun nasu shi ne lantarki. A 1954 ne aka ƙera irinsa na farko mai amfani a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka, kuma kashi 6 cikin ɗari kawai na hasken da ya sauka a kansa yake iya juyawa. Na yau sukan juya kashi 20 ko fiye da haka. Lantarkin da faranti ke fitarwa miƙe yake tafiya, kayan gida kuwa da manyan wayoyi suna aiki ne da mai kai-da-komo, saboda haka sai an bi da shi ta cikin na'urar da ake kira inbata kafin ya amfanu.

Ya kamata a lura cewa haske faranti yake so, zafi kuwa cutar da shi yake yi. Da zarar zafin jikinsa ya haura digiri 25, ƙarfinsa yakan riƙa raguwa kaɗan-kaɗan da kowane ƙarin digiri. Ƙura ma abokiyar gabarsa ce, haka nan hadari da hazo. Babbar gazawarsa dai ita ce dare. A shekara akwai awa 8,760, amma faranti mai ƙarfin kilowat 1 a ƙasa mai yawan rana, abin da yake bayarwa a shekara bai wuce kwatankwacin aikin awa 1,600 zuwa 1,800 da cikakken ƙarfinsa ba. Watau wajen kashi ɗaya cikin biyar ke nan.

2.2 Ƙarfin Iska

Injin iska kuwa kishiyar fanka ne. Fanka tana cin lantarki ta ba da iska, shi kuma yana cin iska ya ba da lantarki. Akan kafa dogon turke na ƙarfe, a ɗora masa farfela mai fukafukai uku, wani lokaci biyu. Iska ta juya farfela, farfela ta juya janaretan da ke cikin akwati a ƙwanƙolin turken. Galibin injuna sukan fara aiki idan gudun iska ya kai mita 3 ko 4 a daƙiƙa, su kai cikakken ƙarfinsu a wajen mita 12 zuwa 14, sa'an nan su tsayar da kansu idan ya kai mita 25, gudun kada guguwa ta karya su.

Akwai wata ƙa'ida da duk mai son fahimtar wannan al'amari ya wajaba ya sani. Ƙarfin da ke cikin iska yana bin gudunta ne idan aka ninka shi da kansa sau uku. Iska mai gudun mita 4 lissafinta 4 sau 4 sau 4, watau 64. Mai gudun mita 5 kuwa 125, kusan ninki biyu ke nan, ga shi kuwa mita ɗaya tak aka ƙara. Mai gudun mita 8 lissafinta 512, ninki takwas na mai mita 4. Ashe ke nan ɗan bambancin da fatar mutum ba za ta ma ji ba, shi ne zai raba tashar da za ta ci riba da wadda za ta cinye jarin masu ita. Kuma da yake itatuwa da gidaje da tuddai suna taka wa iska birki a kusa da ƙasa, gwargwadon tsawon turke gwargwadon ƙarfin iskar da farfela za ta samu. Shi ya sa manyan injunan zamani suke da turaku masu tsawon mita 100 ko fiye.

3.0 Dalilin Gwama Su

Dalili na farko shi ne karɓa-karɓar yini da dare. A wurare da yawa, musamman bakin teku da mashigin duwatsu da filayen hamada, iska takan yi ƙarfi ne daga la'asar zuwa cikin dare, daidai lokacin da faranti ya gama aikinsa. Wannan kuwa shi ne lokacin da bukata ke kaiwa ƙololuwa, domin tsakanin magariba da lisha kowane gida yana kunna fitila, masu shaguna da masu sayar da abinci kuma kasuwarsu ta buɗe.

Dalili na biyu shi ne karɓa-karɓar lokutan shekara. Akwai ƙasashen da watannin da gajimare ke rufe rana su ne watannin da iska ta fi kaɗawa. A irin waɗannan wurare abin da aka rasa a wannan hannu akan same shi a wancan.

Dalili na uku ya shafi kuɗi. Tashar lantarki ba faranti da farfela kaɗai ba ce. Sai an sayi fili, an yi hanyar mota, an kafa taransifoma, an ja manyan wayoyi zuwa babban layin ƙasa, an ɗauki masu gadi da ma'aikata. Mu ƙaddara an ja waya mai iya ɗaukar megawat 100 domin tashar sola zalla. Da tsakar rana wayar za ta cika maƙil, da dare kuwa ta zauna wayam, alhali kuɗin da aka ranto aka ja ta ana biyansa dare da rana. To, idan aka kafa injunan iska a wannan fili, su ma suka bi ta wannan waya, sai ta yi aiki na awoyi masu yawa ba tare da an ƙara mata ko sisi ba. Daɗin daɗawa, injunan iska dole a ba su tazara mai yawa tsakaninsu don kada wani ya tare wa wani iska, filin da ke tsakani kuwa sai a shimfiɗa farantai a cikinsa, muddin an kauce wa inuwar turaku.

Dalili na huɗu shi ne rage dogaro da batir da man dizal. A ƙaramar tashar da ke ciyar da gari ɗaya ko asibiti ɗaya, batir na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗi, kuma shi ke fara mutuwa. Faranti yakan yi shekara 25 yana aiki, batir mai ruwa kuwa da wuya ya wuce shekara 3 zuwa 5, a ƙasa mai zafi ma bai cika kaiwa haka ba. Abin da ke kashe shi da wuri shi ne a riƙa tatse shi ƙarƙaf kowane dare. Idan akwai iskar da ke ɗan ɗura masa wuta cikin dare, sai kwanansa ya ƙaru, janaretan ko-ta-kwana ma ya rage shan mai.

4.0 Abin da Aka Gani a Indiya

Indiya na cikin ƙasashe masu tasowa da suka fi ba wannan dabara muhimmanci, kuma yanayinta ne ya sa haka. Daminarta takan faɗi ne daga watan Yuni zuwa Satumba, lokacin da iska mai ƙarfi ke tasowa daga teku ta kudu maso yamma ɗauke da hadari. A waɗannan watanni farantan sola sukan yi rauni saboda gajimare, amma a cikinsu ne injunan iska na jihohin Tamil Nadu da Gujarat da Karnataka suke ba da mafi yawan lantarkinsu na shekara. Da damina ta wuce sai iska ta lafa, sama ta washe, rana ta karɓi aiki. Bugu da ƙari, a yammacin ƙasar iska takan tashi ne da maraice ta kai cikin dare.

Da farko kowanne tafiyarsa yake yi daban. Akwai babbar tashar iska a Muppandal, can ƙurewar kudu, akwai kuma babbar tashar sola a Bhadla cikin hamadar Rajasthan, mai ƙarfin fiye da megawat 2,000. A farkon 2018 aka buɗe wata tasha a ƙauyen Kavithal na jihar Karnataka, inda aka ƙara farantai masu ƙarfin kusan megawat 29 a filin injunan iska masu megawat 50 da ke nan tun da farko. A watan Mayu na wannan shekarar gwamnatin Indiya ta fitar da manufa ta musamman a kan tashoshin haɗaka. A ciki aka ƙayyade cewa ba za a kira tasha ta haɗaka ba sai ƙarfin ƙaramin ɓangarenta ya kai aƙalla kashi 25 cikin ɗari na babban. Hikimar wannan a fili take, don kada wani ya kafa farfela ɗaya a gefen dubban farantai ya ce shi ma ya cancanci rangwamen da aka tanada.

Hanyar da suka bi wajen ba da aiki ita ce gwanjo. Hukumar gwamnati takan yi shela cewa tana son a samar mata da megawat kaza na tsawon shekara 25, kamfanoni su yi takara, wanda ya sa farashi mafi sauƙi shi ke ci. A gwanjon farko na haɗaka, a ƙarshen 2018, an sallama aikin a kan ƙasa da rupi 3 kowane kilowat na awa ɗaya. Ɗaya daga cikin tashoshin da suka fito daga wannan gwanjo, mai megawat 390, ta fara aiki a Jaisalmer a 2022. A watan Disamba na 2020 kuma Firayim Minista Narendra Modi ya aza harsashin wata gagarumar tasha a Khavda, cikin filin gishiri na Kutch kusa da iyakar Pakistan, wadda aka tsara za ta kai megawat 30,000 na rana da iska idan an kammala ta.

Akwai wani gwanjo na 2020 da ya fi kowanne koyar da darasi. A nan hukuma ta nemi megawat 400 da za a riƙa bayarwa dare da rana kusan ba yankewa. Kamfanin ReNew da ya ci takarar, sai da ya tsara kafa injunan iska na megawat 900, da farantai na megawat 400, da batura a kai, kuma ya warwatsa su a jihohi uku. Watau an tanadi megawat 1,300 domin a cika alkawarin 400. Wannan ya nuna mana cewa haɗin yana iya kusantar da rana da iska ga matsayin tashar da za a dogara da ita, amma sai an yi tanadi ninki-ba-ninki, an kuma raba ƙafa, domin idan iska ta kwanta a wannan jiha mai yiwuwa tana kaɗawa a waccan.

5.0 Inda Gizo ke Saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka da an haɗa su biyu shi ke nan an huta. Akwai daren da iska ba ta motsa ko ganye, akwai kuma yinin da rana ke ƙwallewa iska ma na kaɗawa, har lantarkin ya fi ƙarfin waya a zubar da wani. Don haka dole a sami na uku da zai toshe giɓi: ko batura, ko injin gas, ko madatsar ruwa, wadda za ta iya riƙe ruwanta da rana ta sake shi da dare.

Matsala ta biyu ita ce nisa. Sau da yawa inda iska ta fi kyau ba nan ne mutane suka fi yawa ba. Kenya ta ɗanɗana wannan. A gefen tafkin Turkana, arewacin ƙasar, akwai wani mashigi tsakanin duwatsu inda iska ke kaɗawa kusan kullum ta fuska ɗaya. A can aka kafa injuna 365 masu ƙarfin megawat 310. An gama kafa su a 2017, amma wayar da za ta ɗauko lantarkin zuwa Suswa, tafiyar fiye da kilomita 400, ba ta kammalu ba, domin kamfanin ƙasar Sifen da aka ba kwangilarta ya karye. Injunan suka tsaya cirko-cirko fiye da shekara guda iska na wucewa a banza, gwamnati kuma ta ɗauki nauyin biyan diyyar lantarkin da ba wanda ya sha. Sai a watan Satumba na 2018 aka haɗa su da babban layi, aka yi bikin buɗewa a Yulin 2019. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ta uku ita ce ƙasa da masu ita. Filin da idon baƙo ke gani kamar kufai, sau da yawa makiyayar wasu ce tun kaka da kakanni. A Turkana ɗin ma, makiyayan yankin sun kai ƙara, kuma a 2021 wata kotun Kenya ta yanke hukunci cewa ba a bi ƙa'ida ba wajen mallaka wa kamfanin filin.

Ta huɗu ita ce gyara. Faranti ba shi da abin da ke motsi a jikinsa, wanki da ƙyalle mai laushi shi ne yawancin hidimarsa. Injin iska kuwa juyawa yake yi dare da rana, yana bukatar maiko da sauyin kayan da suka cinye, da makanikin da zai iya hawa turke. Idan ƙaramin injin ƙauye ya lalace, kayan gyaransa na wata ƙasa, wanda ya kafa shi kuma ya tafi, sai ya zama abin kallo kawai. Ga shi kuma farantai da baturan lithiyam suna ta ƙara araha. Saboda haka a ƙauyen da iskarsa ba ta taka kara ta karya ba, ƙara farantai da batura ya fi sayen farfela sauƙi da kwanciyar hankali. Haɗin ya fi yin tasiri ne a manyan tashoshi masu dogayen turaku, da tsibirai da bakin teku inda iska ba ta yankewa.

6.0 Ina Matsayin Ƙasar Hausa?

Ta fuskar rana dai ba mu da abin cewa sai godiya. Arewacin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar suna cikin wuraren da suka fi samun hasken rana a duniya, kuma an fara cin moriyarsa. A Nijar an buɗe tasha mai megawat 7 a Malbaza a 2018, da wata mai megawat 30 a Gorou Banda kusa da Yamai a 2023. A Kano ma an buɗe mai megawat 10 a yankin Kumbotso a watan Janairu na 2023. Muhimmancin irin waɗannan tashoshi ya bayyana a watan Agusta na 2023, sa'ad da Nijeriya ta yanke wa Nijar wuta bayan juyin mulki, a lokacin kuwa wajen kashi 70 cikin ɗari na lantarkin Nijar daga Nijeriya yake zuwa. Tashar Gorou Banda ta rage raɗaɗi da rana, amma da rana ta faɗi sai a koma gidan jiya.

Iskarmu kuwa matsakaiciya ce, ba ta kai ta Turkana ba. Ta fi ƙarfi a tuddan Jos da yankunan Katsina da Sakkwato da Kano, kuma lokacinta shi ne hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ko Maris, sa'ad da take busowa daga arewa maso gabas. Ita ce ke kwaso ƙura daga ƙwarin Bodele na ƙasar Cadi ta lulluɓe sama da hazo, ƙurar kuma ta kwanta a kan farantai. Ke nan a lokacin da hazo ya rage wa faranti ƙarfi, a lokacin ne farfela ke samun abincinta. Wannan karɓa-karɓa ce ta gaske, ko da yake ba ta kai ta Indiya ba.

To, amma batun dare fa? Kowane manomi ya san cewa iskar hunturu da hantsi take tashi, ta yi ta kaɗawa har azahar, da maraice kuma ta kwanta, dare ya yi tsit sai sanyi. Idan haka ne, ashe iska da rana tare suke zuwa tare suke tafiya, haɗa su kuma ba zai yi maganin duhu ba. Wannan gaskiya ne a kusa da ƙasa, amma can sama labarin dabam yake. Da dare idan ƙasa ta huce, iskar da ke kanta takan yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, sai ta rabu da wadda ke bisanta. Ita kuwa ta saman, da yake ta kuɓuta daga birkin itatuwa da gidaje, sai ta zabura ta yi ta gudu a tsayin mita ɗari biyu zuwa sama har wayewar gari. Da rana ta fito ƙasa ta ɗumama, sai iskar sama da ta ƙasa su cakuɗe, gudun nan ya sauko mana. Iskar hantsin da ke tayar da ƙura, watau, ragowar ta daren jiya ce. Ma'anar wannan ita ce gajeren turke zai yi aiki ne tare da rana, dogon turke mai mita 100 ko fiye kuwa yana iya taɓo gefen iskar dare. Tsawon turke, ashe, shi ne zai yanke hukunci ko haɗin zai yi mana amfani.

Gwajin da muka yi a gida shi ne na Lambar Rimi a jihar Katsina, inda aka kafa injuna 37, kowanne mai kilowat 275, jimilla wajen megawat 10, a kan turaku masu tsawon mita 55. An faro maganar aikin tun Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamnan jihar, daga baya Gwamnatin Tarayya ta karɓe shi ta ba wani kamfanin Faransa. A watan Disamba na 2012 'yan bindiga suka sace injiniyan kamfanin a garin Rimi, aikin ya tsaya cik, aka kuma shafe shekaru da dama kafin a ce an kammala kafa injunan. Darasin da ke nan shi ne, rashin tsaro da jan ƙafa suna iya kayar da aiki tun kafin a kai ga gwada ƙarfin iskar. Duk da haka, wuri irin wannan da ya riga ya sami fili da hanya da waya, shi ne ya fi dacewa a shimfiɗa wa farantai, kamar yadda aka yi a Kavithal.

Muna kuma da na ukun da zai toshe giɓi, watau madatsun Kainji da Jebba da Shiroro da Zungeru. Idan rana da iska suka ɗauki nauyin wani ɓangare na yini, waɗannan madatsu za su iya tattalin ruwansu domin magariba da dare, musamman da bazara sa'ad da ruwa ke ja baya, zafi kuma ke sa bukatar wuta ta ƙaru.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa rana ita kaɗai ba ta wuce aikin kashi ɗaya cikin biyar na awoyin shekara, iska kuma ɗan bambanci a gudunta yana haifar da babban bambanci a amfaninta. Gwama su yana rage giɓi, yana sa waya da fili su biya kuɗinsu, yana kuma tsawaita kwanan batir, matuƙar dai lokutansu sun saɓa. Indiya ta ci riba domin daminarta da maraicenta sun ba ta wannan saɓani, ta kuma shimfiɗa ƙa'ida a sarari. Kenya ta yi asara ta fiye da shekara guda domin ta gama tasha ba ta gama waya ba.

Abin da ya kamace mu, kafin a sayi ko farfela ɗaya, shi ne a kafa dogayen sandunan awo a wuraren da ake kyautata wa zato, a auna gudun iska awa bayan awa, a tsayin da farfela za ta tsaya, na tsawon shekara ɗaya cur ko biyu, sa'an nan a jera sakamakon kusa da na rana a ga ko suna karɓa-karɓa. Wannan aiki ne da jami'o'inmu za su iya yi, kuma kuɗinsa bai kai na injin guda ba. Inda awo ya nuna haɗin zai yi, a ja waya tun da wuri, a zauna da masu ƙasa, a horar da 'ya'yan yankin su iya gyara. Inda kuwa bai nuna ba, a bar rana ta yi aikinta tare da batir, a kai kuɗin farfela inda iska take.